Fuskar Mai Busa Ƙaho

Yayata ta ƙure boko, kuma a kan fim ta ƙure shi. Mama ta daɗe ba ta iya faɗin haka a zumuntar mata ta majami'a. In an tambaye ta sai ta ce, "Malama ne a jami'a." Ni kuwa ban taɓa raga mata ba. Ina ce mata ta zama dakta a kan abin da muka kalla kyauta ta tagar gidan bidiyo a Kafanchan. Ainihin aikinta shi ne bin tsofaffin finafinan da Turawa suka ɗauka a ƙasar nan, ta gano inda aka ɗauke su da mutanen da ke ciki.

A wata ma'ajiya a Turai ta ci karo da guntun fim, ba murya, ba sunan kowa. Da ganin dutsen ta gane ƙauyenmu ne, can bayan Manchok. Ta zo da shi hutun Kirsimeti, amma ba ta nuna wa kowa ba sai da ta tara dattawa, maza zalla, domin rabin fim ɗin fitowar dodo ce. A wajenmu mace ba ta ganin dodo. Tun zamanin kakanni muke zuwa majami'a, amma wannan doka ba ta mutu ba. Ta gaya musu gaskiya cewa ita ta riga ta gani, aikinta ne. Sannan ta kunna, ta bar ni da su, ta fita.

Ana cikin kallo sai Kawu, wanda ya fi kowa tsufa a wurin, ya ɗaga sandarsa. "Tsaya! Wancan mai busa ƙaho da hannun hagu, baban mamanku ne."

Mama tana goye mahaifinta ya rasu, ko hotonsa babu. Ga shi yau ya fito, amma duk inda ya bayyana dodo na gefensa. Ga kuma yanar ido ta fara kama Mama, likita ya ce ganin zai yi ta raguwa.

Da labarin ya kai mata ba ta roƙi kowa ba. Cewa ta yi, "In ba rabona ba ne, shi ke nan. Zan gan shi a sama."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Yaya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta nuna mata, wa zai sani? Ta harare ni. "Kai ka san Mama za ta rufe ido. Kuma in na yi haka, gobe wane ƙauye zai sake yarda da ni?"

Ta koma bakin aikinta, mu kuma muka zauna jiran gawon shanu, a ganina. Ashe tana can tana bin fim ɗin hoto bayan hoto, tana yanke gefe, tana jawo fuskar kusa, tana share zanen tsufa, har ya zama daga mutumin sai ƙahonsa. Da ta dawo lokacin Ista, dattawa ta fara kai wa. Kawu ya kalla, ya sa aka maimaita, ya ce babu abin da mace ba za ta gani ba. Ranar na yi alfahari da ita har na rasa tsokanar da zan yi.

Bayan sujada muka sauke labulen falo. Mama ta jawo kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin. Mutumin ya cika kumatu, ya busa, ya sauke ƙahon yana dariya da wani wanda ba ma gani.

"Ashe yaro ne," in ji Mama. "Na girme shi."

Ta ɗora tafin hannunta a kan fuskarsa.

"Baba, ni ne. Na yi jikoki."