Ranar da Baba Ya Ci Kifin Teku

Bayan an sallamo Baba daga asibiti, abinci ya fita ransa gaba ɗaya. Tuwo loma biyu zai yi ya ture kwanon. Kunun gyaɗa, wanda a da ba ya wasa da shi, sai ya huce a gabansa. Wata guda muna wannan fama a gidanmu na Tudun Wada, har wandunansa sai da na kai wa tela ya rage ƙugu. Likita ya ce ciwon ya tafi, saura ya riƙa cin abinci.

Wata Lahadi muna dawowa daga coci ni da shi a cikin adaidaita, mun zo wajen unguwar Kongo, sai ya dafa kafaɗar direban ya ce, "Tsaya. Kifin teku ake gasawa a nan." Ni hayaƙi kawai na ji. Amma Baba ya yi shekara shida yana aikin gidan waya a Kalaba tun kafin a haife ni, ya san abin da hancinsa ya jiyo.

Rumfar kwano ce da teburan roba huɗu. Wata mata 'yar kudu tana fifita garwashi, a gefenta an jingine allo an rubuta farashi da alli. Ina karantawa gabana ya faɗi, don faranti ɗaya ya kai cefanenmu na kwana biyu. Ina da kuɗin a jaka. Tsorona Baba ne, mutumin da zai baro mai albasa, ya taka da ƙafarsa har ƙarshen kasuwa saboda ragin da bai taka kara ya karya ba. Sai na je na tsaya a gaban allon.

"Matsa in gani," ya ce.

Na matsa. Ya karanta daga sama har ƙasa. Na riga na fara waigen wani adaidaitan, sai na ji ya yi wa matar magana da wani yare da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ta yar da maficin, ta dafa ƙirji tana dariya. Ashe yaren garinsu ne. Ta goge kujera da bakin zaninta ta zaunar da shi.

Ƙaguwa ya nema, wadda ta fi komai tsada a allon. Matar ta girgiza kai, ta koma Hausa don in ji.

"Baba, kar ka saya yau. Kwananta uku a firji, wuta kuma ba ta zama. Kifin ne ya iso jiya a cikin ƙanƙara."

Ta kawo mana kifi guda, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, da soyayyar agada da ɗan kwanon romon jatan lande. Na roƙe ta ta rage barkono da gishiri, ta kuwa rage. Baba ya yi addu'a, ya wanke hannu, ya gutsuri gefen ciki. Ya tauna a hankali. Ya sake kai hannu. Ni ko taɓawa ban yi ba, lomarsa nake bi da ido. Ya cinye gefe ɗaya, ya juya kifin da kansa, ya kurɓi romo har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya kai ga kan kifin yana tsotsar ƙaya, sai na ji idona ya cika.

"Ke ba za ki ci ba?"

"Yaji ne ya shiga mini ido, Baba."

"Wane yaji? Ke da kika hana a sa."

Da na biya muka fito, ya ce, "Da tsada kam. Amma ba ta cuce mu ba, kifin ya ci kuɗinsa." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani abin sayarwa ba.

Har muka isa gida yana ba ni labarin ruwan saman Kalaba da masunta masu fita da kwalekwale tun da asuba. Mama, da ta riga mu dawowa daga coci, na zaune a tsakar gida tana jiranmu, ranta a ɓace don mun daɗe. Kafin ta buɗe baki Baba ya ce, "Me za a dafa da yamma ne?"

Ta dube shi, ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ko ɗankwalin coci ba ta cire ba ta shige kicin, tana ƙwala mini kira in zo in jajjaga kayan miya.