Takun Baba Mai Layi

Har yau idan na lumshe ido, abin da nake fara gani farin layi ne kwance a kan jar ƙasa mai ɗan danshi, tun kafin kowa ya taka shi. Sai in hango bayan wani dattijo yana tafe a hankali, gwangwani a hannunsa na dama yana kaɗa shi, farar ƙasa tana zuba kusa da ƙafarsa. Shi ne Baba Mai Layi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da filin wasan makarantarmu, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi da wani suna ba, har shugaban makarantar.

Yana da ɗan ɗakin kwano a bakin fili. A ciki akwai buhunan farar ƙasa, da ƙwallayen da iskarsu ta fice, da igiyoyin tsalle, da jarkar ruwan da ba ta taɓa ƙafewa. Shi ke yanke ciyawa, shi ke cike ramuka, shi ke ɗinke raga idan 'yan ƙwallo sun yaga ta. Amma abin alfaharinsa layin gudu ne. Gwangwanin madara ya samu ya huda gindinsa da ƙusa, huda tara, kuma da shi yake shata layi duk ranar Litinin da sassafe, ko duk sadda ruwan sama ya wanke na baya.

Ba ya amfani da tef ɗin awo. Ya sha ba mu labarin, har mun haddace. Wai sadda aka ɗauke shi aiki yana saurayi, injiniyan da ya tsara filin ya auna mita ɗari, ya kafa turken ƙarfe a farko da ƙarshe. Baba ya taka tsakaninsu sau uku, kowane sau taku ɗari da ashirin cif. Injiniya ya yi dariya ya ce, “Ai ƙafarka ta fi tef ɗina.” Daga baya motar gyaran fili ta tumɓuke turken ƙarshe, ba wanda ya damu ya mayar. Baba ya ci gaba da tsayawa a turken farko, ya yi saitin tankin ruwa, ya ƙirga ɗari da ashirin, ya ja layin gamawa a inda ƙafarsa ta tsaya.

Shi kansa bai taɓa shiga tsere ba. Ya ce tun yana ƙarami aiki ya riga wasa zuwa gidansu. Amma ya taɓa gaya mini wani mafarki da yake yawan yi: yana shata layi, ya wuce tanki, ya wuce katanga, ya bi ta bayan gari, gwangwanin bai ƙare ba, gwiwarsa ba ta yi ciwo ba, yara suna ta wuce shi a guje ba ya jin ko ƙarar ƙafarsu.

Ni kuwa a lokacin shekarata goma sha huɗu, siririya, har ana kirana Tsinke. Ban da kwanciya da shan lemon kwalba ba abin da na iya, sai baki. Bakin nan kam Allah ya ba ni, kuma har yau bai karɓe ba. Wata Litinin na makara, na hango ana shirin rufe ƙofar makaranta, sai na yanko ta cikin fili a guje, na tattake masa sabon layi tun daga farko har ƙarshe. Ya daka mini tsawa na tsaya, na riga na shirya amsar da zan ba shi.

“Koma ki sake, in gani,” in ji shi.

“In sake ɓata layin?”

“Layi na ɓatawa ne, 'yar nan. Koma.”

Daga ranar na zama 'yar gidansa. Kullum kafin a shiga aji ina fili. Ya ƙwace kwalbar lemona ya ba ni kofin ruwa da ɓarin lemon zaƙi guda, ya ce idan ban kwanta da wuri ba zai gani a gwiwata. Yana da wani tsohon agogon gudu da wani malami ya bar masa, yana rataye da shi a wuya. Safiyoyin nan ba na manta su. Raɓa tana jiƙa mini takalmi, ƙanshin ciyawa yana tashi, gari bai gama farkawa ba. Idan na kai tsakiyar layi sai in daina jin ƙafata, sai iska kawai a kunnena, sai fararen layuka biyu suna raka ni hagu da dama.

A bayan ƙofar ɗakinsa yake rubuta lokacin kowane yaro da alli, shekara bayan shekara. Yana son ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon ƙofar nan.

“Yaran yanzu ban san me kuke ci ba,” yakan ce. “Kowace shekara sai kun fi na bara gudu.”

Cikin shekara biyu lokacina ya sauko zuwa sakan sha biyu da ɗigo biyu, ba wata yarinya a ƙofar da ta taɓa kai haka. A shekarar za a yi gasar zaɓen 'yan wasan makarantu, kuma duk yarinyar da ta yi mita ɗari ƙasa da sakan sha uku za a ɗauke ta sansanin horo. Ni a raina an gama. Har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, ina gaya wa Mama kalar rigar da za ta ɗinka mini.

Saura mako shida aka kawo mana sabuwar malamar wasanni. Mace ce mai son ta ga komai da idonta. Ta kalli lokacina a ƙofa, ta kalle ni, ta buɗe jaka ta fito da tef. Ta ɗaura bakinsa a turke ta ja har layin gamawa. Ta sake aunawa. Sannan ta ce a hankali, “Baba, mita casa'in da biyu ne.”

“Tef ɗinki ya miƙe, Malama,” in ji Baba yana murmushi. “Bari ki gani.”

Ya koma turke, ya yi saitin tanki, ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Mu kuwa a karon farko ƙafarsa muka kalla, ba layinsa ba. Takun ƙanana ne, na dattijon da gwiwa ta fara yi wa gardama. Ya kai ɗari da ashirin daidai kan layinsa, ya juyo yana jiran a yaba masa. Kowa ya kawar da kai.

Malama ta shata sabon layi can gaba, ta ce in gwada. Na yi sha uku da ɗigo biyar. Raina ya ɓaci, idona ya rufe, na juya kan tsohon nan a gaban kowa.

“Ai da ka faɗa mana ka tsufa. Shekara biyu kana sa ni gudun ƙarya, ina tashi da asuba a banza.”

Ya cire agogon daga wuyansa ya miƙa wa Malama, ya ajiye gwangwanin a bakin ƙofa, ya ɗauki kekensa. Bai hau ba, turawa ya yi har ya fita.

Kwana takwas bai zo ba. Malama ta shata layi da kanta, awo daidai, amma a karkace kamar tafiyar maciji. Ni kuma wata sabuwar matsala ta taso mini. Duk sadda na kai inda tsohon layinsa yake, sai jikina ya saki da kansa, ƙirji ya faɗa gaba, ƙafa ta yi sanyi. Shekara biyu ya koyi cewa a nan ake gamawa, kuma ba ya jin lallashi. Malama ta yi faɗa, ta yi bayani, duk a banza.

Mama ce ta sa ni a hanya, don ta ji abin da na faɗa wa Baba. Tana kan keken ɗinki ta miƙo mini allura da zare, kamar yadda ta saba tun da idonta ya fara rauni. Na zura mata. Ta karɓa ba ta ɗago ba.

“Da ni ke zura wa kaina,” ta ce. “Yanzu sai na kira ki. To faɗa mini, ɗinkin ƙarya nake yi?”

Na sunkuyar da kai.

“Magana zarar bunu ce. Tashi ki je wurin Baba, tun rana ba ta faɗi ba.”

Na same shi a gida, a ƙofar ɗakinsa a kan benci, ya tsoma ƙafafunsa cikin roba da ruwan ɗumi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mini, bakina ne ya fi ni gudu. Ya ɗan yi dariya.

“Ai ba ƙarya kika yi ba, Tsinke. Ba maganarki ce ta zaunar da ni ba, ƙofar can da nake rubuta lokacinku ce. Yara nawa na tura gasa da lokacin da ba nasu ba? Su dawo suna kuka, ni kuma in ce musu tsoro ne ya kama su.” Ya kalli ƙafafunsa cikin ruwa. “Ashe ni ne nake ta matso musu da layi.”

A nan na yi kuka, kuma ni ba mai saurin kuka ba ce. Na gaya masa yadda jikina ke tsayawa a tsohon wurin, na ce saura mako biyar ba kwana ɗaya, kuma ban san yadda zan yi ba. Ya ciro ƙafafunsa daga ruwan. Sannan ya ce in je gida, gobe in zo da wuri.

An yi ruwa kafin gari ya waye. Da na iso na tarar da shi tsaye kusa da ƙarshen fili yana kallon ƙasa. Ruwa ya wanke saman ƙasar, sai ga sawun tsofaffin layukansa sun fito dishi-dishi, ɗaya gaban ɗaya kamar matakalar tsani, tun daga inda ya tsaya a bana har can kusa da layin Malama. Mun sha ganinsu a baya, ba mu taɓa tambayar mene ne ba.

“Ga shekaruna nan a kwance,” in ji shi. “Wancan na can, ina da ƙarfina na ja shi.”

Ya koma turke ya ƙirga ɗari da ashirin, ya tsaya. Sannan ya ci gaba: ɗaya, biyu, uku, har goma, ya sauka daidai kan awon Malama. Ya ja layi miƙaƙƙe a wurin. Ya jefa tsakuwa biyu cikin gwangwanin don ya riƙa ƙara, ya tsaya a bayan sabon layin.

“Ki daina kallon ƙasa, ni za ki kalla. Idan jikinki ya ce an gama, ki ce masa saura takun Baba goma.”

Haka muka yi kullum. Malama tana riƙe da agogo tana gyara mini tashi, Baba yana can ƙarshe yana kaɗa gwangwani. Sha uku da ɗigo uku. Sha uku da ɗigo biyu. Mako guda cur na maƙale a sha uku da ɗigo ɗaya, har na jefar da takalmina kan rufin ɗakinsa don haushi, ya sa na hau na ɗauko da kaina.

Ranar gasa Malama ta sa shi a motar makaranta. Bai taɓa shiga babban filin wasa ba. Kafin a kore mu zuwa wurin zama, na ga ya tsuguna ya shafa farin layinsu na fenti da yatsa, ya duba yatsan, ba abin da ya manne. Ya girgiza kai ya ce waɗannan ba su san daɗin Litinin ba.

Ban tuna tashina ba. Na tuna iska, da layuka biyu a gefena, da wata doguwar yarinya a gabana. Can sai na ji shi, wannan sakin da jikina ya saba, ƙafata tana cewa mun iso. Baba yana can sama cikin jama'a, ba yadda za a yi in ji gwangwaninsa, amma wallahi na ji. Na ce saura goma, na ci gaba da gudu har na wuce layin na kusa kifawa kan masu riƙe da agogo. Sha biyu da ɗigo tara. Da muka koma makaranta ya goge tsohon lokacina daga ƙofa da hannun rigarsa, ya rubuta wannan.

Ban zama wata shahararriya ba. Na yi gudu shekara biyar, na bari, na yi karatu, yanzu ina aiki a asibiti, sashen da ake koya wa mutane tafiya bayan rauni ko shanyewar ɓarin jiki. Bara aka turo mini wani tsoho a keken marasa lafiya, ɓarinsa na hagu ya shanye, 'yarsa ta ce ya ƙi ko gwada miƙewa, wai shi tasa ta ƙare. Tun daga ƙeyarsa na gane shi.

Mako uku muka yi kafin ya yarda ya kama sandunan ƙarfe ya tsaya. Ranar da ya fara takawa a dogon barandar sashenmu, ina riƙe da ƙugunsa, na ji yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Ya kai sha biyu ya tsaya, gumi yana tsiyaya daga goshinsa.

“An gama, Tsinke.”

“Saura goma, Baba.”

Ya juyo ya harare ni da idon da ke buɗewa sosai. “Ke dai bakin nan naki bai tsufa ba.”

Bakwai ya ƙara a ranar, na zaunar da shi na ba shi ruwa. Washegari tun kafin in ajiye jakata na tarar da shi a bakin baranda, ya sa 'yarsa ta turo shi da wuri, wai yana da sauran uku.