Ranar da Golana Ya Zauna

Ni mutum ne mai son tsari, duk wanda ya yi firamare a hannuna a Goronyo zai ba da shaida. Shekara da shekaru ina malamin wasanni, usur a wuya, ni ke jera yara kowace safiya don taken ƙasa. Wanda ya sosa kai ana rerawa sai ya zagaya fili sau biyu. Ina son ƙasar nan da gaske, ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Abin da nake jin kunyarsa daban ne.

Da yamma ina horar da ƙungiyar ƙwallon samarin unguwarmu. A cikinsu akwai wani saurayi dogo, mai kimanin shekara ashirin, wanda kowa ke kira Gola saboda shi ke tsaron raga. Ɗan wani ƙauye ne a can gabas da mu, yana zaune wajen kawunsa a cikin gari. Ban taɓa horar da mai hannu irin nasa ba. Ba shi da surutu, ƙwallo ce kawai ba ta wuce shi. Safar hannun da yake kamu da ita ni na sayo masa a birnin Sakkwato, na kuma bi gari ina ba da labarinsa har mutane suka gaji da ji.

A shekarar da aka dawo da tsohon taken ƙasa, wani attajiri ya sa kofi tsakanin ƙungiyoyin yankinmu, muka kai wasan ƙarshe, za mu kara da 'yan Wurno. Aka aiko mini cewa wani baƙo zai zo daga birni ya ɗauki 'yan wasa zuwa gwaji a wata babbar ƙungiya, kuma ni zan miƙa masa sunaye uku daga cikin nawa. Na rubuta takardar tun da wuri na sa a aljihu. Sunan Gola ne a sama. Ya san da haka, uwarsa ma ta sani, don shi ne babba a ɗakinsu kuma wannan ce hanyar da ta buɗe masa.

Ni kuwa abin da ya cika mini kai shi ne taken. Samarina ba wanda ya iya shi, Turancinsa ya fi ƙarfin bakinsu. Na rubuta baitocin a kwali yadda ake furta su da Hausa, kullum kafin a taɓa ƙwallo sai an rera sau uku, ƙirji a waje, hannu a gefe. Na rantse ba za mu ji kunya a gaban manyan baƙi ba.

Ana saura kusan mako uku a yi wasan, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen su Gola. Mahaifinsa yana gonar albasa suka same shi. An yi masa sutura a gaggauce, kafin la'asar kowa ya ɗaure kayansa ya bar ƙauyen. Ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba, ba a yi zaman makoki ba, don babu wanda ya rage da zai zauna. Uwarsa da ƙannensa suka taho gidan kawun nan suka cunkushe a ɗaki guda.

Na ji labarin a ranar. Na ce gobe zan je gaisuwa. Da gobe ta yi aka kira taron shirya fili, jibi kuma aka ce janareta ya ƙi tashi. A rana ta huɗu sai ga Gola a filin horo, safarsa a hannu, idonsa ya faɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ta'aziyyar ta zo mini har baki, na maida ita. A tarbiyyar da na taso da ita, ba a yi wa mutum gaisuwar mutuwar uba a tsaye a filin ƙwallo, kana sanye da gajeren wando. Takawa ake yi har gida, da riga da hula, a cire takalmi a zauna. Na ce wa kaina zan yi masa ta mutunci, ba ta tsaitsaye ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Shiga layi, muna bita.”

Ya shiga layin. Haka muka yi ta yi kullum, ina koya wa maraya yadda ake buɗe baki a rera waƙa, gaisuwar kuwa tana nan sai gobe.

Ranar wasa fili ya cika tun kafin la'asar. Mutane sun zo daga Rimawa da Taloka a kan babura, wasu uku uku, an kafa rumfa an jera kujerun roba, baƙon birni yana zaune a sahun gaba da littafinsa. Na sa farar rigar wasanni da aka goge mini da sitaci. 'Yan wasa suka jeru a tsakiyar fili, mai lasifika ya ce kowa ya miƙe, aka saki taken.

Sai na ga Gola ya sunkuya. Na ɗauka igiyar takalmi zai ɗaure. Ya cire takalman ya ajiye gefe, ya cire safar hannu ya ɗora a kansu, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai.

Fushi ya kama ni. Ga shi ba ni da ikon motsi, dokata ce da kaina cewa ba a motsi ana taken ƙasa. Ina tsaye kamar turke, ina jin idon mutanen rumfa a ƙeyata. Ana cikin baiti na biyu wani tsoho ya fito daga cikin 'yan kallo, da gani manomi ne, ƙafarsa duk faso. Ya tsallake layin farar ƙasa, ya taka har gaban Gola, ya tuɓe takalmansa ya tsuguna, ya ɗaga tafukan hannu. Wasu mutum huɗu ko biyar suka bi bayansa suka yi yadda ya yi. Suka shafa addu'a daidai lokacin da waƙar ke ƙarewa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na gane abin da nake gani. Duk ɗan ƙasar nan ya san wannan zama. Na gane sarai, kuma ganewar ce ta ƙara tunzura ni, don ji na yi kamar ni aka zauna wa a gaban jama'a.

Ana gamawa na isa kansa.

“Tashi,” na ce.

Ya ɗago ya dube ni, ba raini a idonsa. “Malam, zaman makoki nika yi. Ba a yi ma tsohona ba.”

“Nan hilin ƙwallo na, ba ƙohwar gidanku ba. Ka san ko su wa ag ga rumhwa?”

“Na sani. Ƙasar da anka ce in miƙe ma, ba ta zo mani gaisuwa ba. Mi za ya sa in miƙe?”

Bai ce ni ma ban zo ba. Da ya faɗa, wataƙila da na sami abin yin faɗa a kai, in huce. Ya bar mini ita in faɗa wa kaina, ni kuwa na ƙi. Na ce ya kwashe takalmansa ya bar mini fili, na kira mai tsaron raga na biyu. Ya tashi ba musu, ya bi ta cikin mutane ya tafi. Na ciro takardar nan daga aljihu, na sa jan biron da nake duba jarrabawa da shi na soke sunan farko.

Da aka tafi hutun rabin lokaci baƙon ya kira ni ya ce, “Malam, wancan da ya zauna, ba shi ne golan da aka yi ta ba ni labari ba? Ina son in ga kamunsa, ko bayan wasa ne.”

Ƙofa ce ya buɗe mini, na sani. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba shi da tarbiyya. Ba ni ba ka wanda za ya ba mu kunya.” Ya ɗaga kafaɗa ya karɓi takardar.

Mun ci wasan da ƙwallo ɗaya. Aka ɗaga ni sama, aka yi hoto da kofi, manyan baƙi suka yaba mini a kan ladabtar da yaro. Hoton yana nan a ɗakina, na juya fuskarsa bango tun tuni. Samari biyu suka tafi birni, ɗayansu har yau yana can yana bugawa, kuma ko rabin Gola bai kai ba.

Gola bai sake zuwa fili ba. Ni ma ban je gidan kawunsa ba, yanzu kuma kunya ce ta hana ni. In na hango shi a hanya sai in sauya lungu, ni da nake malaminsa. Kowace safiya ina tsaye gaban yara ana rera taken, bakina yana motsi, abin da nake gani shi ne takalma biyu da safar hannu a kansu. Har yau ina miƙewa, ban daina ganin girman taken ba. Amma tun daga ranar ban sake sa yaro zagaya fili ba.

Sai da kakar albasa ta zo na gan shi ido da ido. Na shiga kasuwa da hantsi, ana loda wata babbar mota, sai ga shi ya fito daga bayanta da buhu a kafaɗa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. A hannunsa akwai safar nan da na sayo masa, yatsun duk sun huje, da ita yake kama bakin buhu don kada igiya ta yanke shi.

Ya gan ni, ya sauke buhun zai durƙusa. Na riga shi. A nan tsakiyar kasuwa, cikin ɓawon albasa da hayaƙin mota, ba babbar riga ba tabarma, na tuɓe takalmina na tsuguna. 'Yan dako suka tsaya suna kallo.

Na ce, “Ya ƙarin haƙuri?”

Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. “Da godiya, Malam.”

“Allah shi gahwarta mai, shi sa ya huta. Allah shi ba ku haƙuri, kai da tsohuwa da ƙannenka.”

“Amin. Allah shi ba da lada.”

Muka shafa. Duka abin bai kai tsawon baiti ɗaya na taken ba. Na so in ce ya yafe mini, in ce zan nemi baƙon nan, alhali na san an rufe gwaji tun da daɗewa. Direba ya danna ham yana kiran 'yan dako. Gola ya miƙe, ya gyara safarsa, ya kama kunnen buhun. Sai ya juyo ya dube ni, ina tsugune har lokacin.

“Malam,” ya ce, “da rannan ka hwaɗa mani hakanga, ko cikin hilin na, da na tashi.”

Ya saɓa buhun ya nufi motar.