Takin Asibi

Bappa Jalo ƙanin mahaifina ne, kuma duk Dugabau ba a yi mai taurin kansa ba. Wai ni na gado shi. To, su suka sani.

Makiyayi ne ɗan makiyayi. Ya taso da garken da manoma ke rububin ya kwana a gonarsu bayan girbi saboda taki, har daga garin Jama'a ake zuwa roƙonsa. Ɓarayi suka kore rabi, ciwon huhu ya bi saura, aka bar shi da saniya guda, Asibi, haihuwar Asabar. Ta tsufa, nono ya ƙafe, ga tsadar dusa. Ɗansa Zayyad kullum maganarsa a sayar. Amsar Bappa ɗaya ce: "Kashinta ke ciyar da lambunmu. Ranar da ƙasa ta ce ba ta so, a kai ta kasuwa."

Ashe da bakinsa ya yanke mata hukunci.

Ana nan ƙungiyar manoma ta kafa rumfunan leda a bayan Kabo, kusa da wata makarantar kwana. Ruwan wanka da wankin ɗalibai ake tacewa, a turo shi ta siraran tiyo yana ɗiga a gindin tumatir. Zayyad ya samu rumfa ɗaya, suka bar tsohon lambu, da ma rijiyarsa ta janye. Ran dashe malamar gona, Malama Kamila, ta rusuna ta gaishe da Bappa, ta ce, "Baba, ruwan nan da abincinsa yake tafe. Kada a ƙara taki sai na auna na ce a ƙara."

"To, 'yata," in ji shi. Amma a hanya ya ce mini, "Mansura, dauɗar yara ce za ta maye gurbin saniya? Allah ya sawwaƙe!"

Sabo turken wawa. Zayyad da yamma yake zuwa rumfa, Bappa ya karɓi safiya. Da an idar da sallah sai ya share turken Asibi, ya ɗaura buhu a keke, ya je ya turbuɗe taki a gindin kowane tsiro, ya shafe da ƙasa. Ba wanda ya sani.

Kai, tumatir ya haukace! Ganye kore shar har rufin leda, Bappa sai tafiya yake da ƙasaita, yana ƙara wa Asibi dusa. Amma fure na fitowa yana kakkaɓewa. Rumfunan maƙwabta suka yi ja, tamu ganye zalla. Daga baya bakin ganyen ya ƙone, farin gishiri ya hau kan ƙasa. Malama Kamila ta tona da yatsa, ta sansana, ta ɗago ta dubi Bappa. Da ma faɗa ta yi, da ya fi sauƙi.

"Baba, ƙoshi ya yi har ya shaƙe," ta ce.

Shekarar nan kan rumfar muka ɗora burinmu, ga rumbu wayam. Ran kasuwa Bappa da hannunsa ya kwance igiyar Asibi. Na taso wa Zayyad kamar zan cinye shi ɗanye, Bappa ya ce, "Mansura, rufe mini baki. Ƙasa ta ce ba ta so, kuma ni na faɗa." Bai yarda an raka shi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Dashe na gaba ba a zuba komai ba, tumatir ya yi 'ya'ya har sanda na karyewa. Wannan ya fi ƙona mini rai, wallahi. Bappa ya sa albarka, amma bai sake taka rumfar ba.

Bara ya rasu. Da muke kwashe kayansa muka tarar da buhu a bayan gado, an ɗaure bakinsa tam. Takin Asibi ne na sharar ƙarshe, ya rasa ƙasar da zai ba.