Hukuncina Ne Ya Kashe Maruƙan Ƙawata

A lokacin da abin nan ya faru ni ce mai raba gardama a unguwarmu cikin Kankia. Ban taɓa zama aji ba, amma na shekara arba'in ina sayar da hatsi, kuma rigimar iyakar gona ko ta gado in ta gagara zaurena ake kawo ta. In na faɗi magana ta zauna. Na saba da haka har na ɗauka babu abin da ya fi ƙarfin kaina.

Ɗana na fari da ɗiyar ƙanena marigayi, wadda ni na raine ta, suka haɗu da abokansu biyu suna ƙera manhaja ta waya don makiyaya. Ka sa nauyin dabba da sunan magani, ta gaya maka yawan da za ka ba ta. Sun ce mani kafin a saki irin wannan aiki sai an bi kowane ɗan sashe an gwada lissafinsa, kuma akwai kayan gwaji iri-iri. Nan suka rabu biyu da biyu, har suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Ɗana yana son wanda ya saba da shi tun makaranta, wanda kai ne ke rubuta tambayoyin da za a yi wa manhajar. Ita kuwa tana son wani sabo mai ƙirƙiro ɗaruruwan lambobi da kansa, manya da ƙanana, yana jefa mata, sai dai koyonsa zai ci mako uku, ga damina ta kawo jiki.

Da suka zo gabana, yarinyar nan ta durƙusa ta kira ni Gwaggo, ta ce na yayanta kamar mai sayen dawa ne da ke ɗibar saman buhu, nata kuwa ƙarfen nan ne da ake soka wa buhu har gindi. Wallahi na gane maganarta sarai, don ni kaina na sha kama masu zuba tsakuwa a ƙasa. Amma sai na ji zafin a ce yarinyar da na goya ce za ta koya mani buhu, kuma a gaban baƙi ta kada yayanta. Na ce da tsohuwar zuma ake magani, na ce in ta iya soke buhu ta tafi kasuwa ranar Laraba a ba ta aiki. Aka yi dariya. Ɗana ya ce ai Inna ta gama magana. Yarinyar ta tashi ta fita.

Aka bi gwajin ɗana, manhajar ta fita, kuma ni da bakina na tallata ta. Akwai wata ƙawata Bafulatana ta wajen Bauranya da ta shekara talatin tana kawo mani nono, ita ta zauna da ni kwana bakwai da mijina ya rasu. Na matsa mata su yi amfani da aikin ɗana. A kan manyan shanu lissafin ya tafi daidai, don su kaɗai ɗana ya tuna ya gwada. Da aka zo maruƙa masu ƙaramin nauyi, sai manhajar ta ninka maganin tsutsa. Maruƙa shida suka kwanta ba su tashi ba, har da karsanar da ƙawata ta ware wa jikarta. Daga baya ɗiyar ƙanena ta ɗora manhajar kan gwajin nata, kafin ruwan shayi ya tafasa kuskuren ya fito fili.

Na tafi rugar da ƙafata. Ƙawata ta shimfiɗa mani tabarma, ta ce ƙaddara ce, Hajiya, ba ta ɗago ido ba. Tun ranar ƙwaryarta ba ta sake sauka a ƙofata ba. Ina hango ta tana wucewa ta bayan masallaci. Yarinyar kuma ta koma Kano aiki, gaisuwar Sallah kaɗai ke haɗa mu.

Ku tsofaffi 'yan'uwana, furfura ba ta sanin abin da ba a koya mata ba. In yara suka kawo maku gardamar sana'arsu, ku tambayi wanne ne zai tono ɓarnar da ba a yi tsammani ba, kada ku tambayi wane ne babba. Har yau ana kawo mani shari'a, nakan ce ban sani ba. Kalmomi uku ne, da na furta su ran nan da maruƙan nan sun zama shanu.