Muryar Kakata a Kan Turke

Har yau in na ji tsuntsaye sun tashi fir daga cikin dawa, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya maka dalili.

Ina ƙarama, muna da 'yar gona bayan gidanmu a Gadarif, kuma kakata ce mai korar tsuntsaye. Murya gare ta kamar ana buga tasa. Da ƙafa ta gagare ta, sai yayana ya dawo daga karatu a Khartum da wata kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka ba. Ya ɗauki ihunta, ya haɗa da lasifika da batir, ya ɗaure a kan turke. Ya rubuta umarnin da ke aiki shi kaɗai a ɓoye: da hantsi ya saki muryar, in ta ƙare ya maimaita. Maƙwabta sun yi gunaguni, wai muryar mace a lasifika bai dace ba. Ta ce su je su gaya wa tsuntsaye.

Dawa na gab da nuna ta rasu. An kai ta da safe, maza suka cika rumfa, kowa ya manta da turken. Ana cikin addu'a sai muka ji ta: "Haa! Ku tashi, ɓarayi!"

Gwaggona ta saki butar shayi, wasu mata suka yi waje ba mayafi.

Kawuna ya ce a fizge wayar batir. Yayana ya roƙe shi, ya ce katin ajiyar da ke cikin kwamfutar zai iya lalacewa, kuma babu muryarta a ko'ina sai nan. Sai ya aika umarnin tsayawa daga wata manhaja a wayarsa. Aka yi tsit. Ba mu gama ajiyar zuciya ba ta sake tsawa. Ashe abin da ke fitar da sautin kawai ya tsayar, uwar umarnin tana nan tana tashinsa. Bai taɓa gwadawa ba, don ba ta taɓa yarda a tsayar da ita ba.

Ya samo lambar da zai kashe uwar umarnin da ita ke nan, sai kakana ya riƙe masa hannu.

"Halas, ya isa, ɗan nan. Bar ta. Ba ta taɓa barin gona kafin girbi ba."

Yanzu gidaje sun cinye gonar, katin yana wurina. Na iya kunna shi sarai, amma ban taɓa yi ba, don in na kunna, ni ce zan tsayar da ita.