Ƙwayar gurjiya a cikin auduga

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Dakta Hajara, wadda ta koyar da ɗaliban likitanci yadda ake duba nono. Ni tela ce a Moshi Zango, amma na yi aiki da ita ta hanyar da ban taɓa zato ba.

Ciwon daji na nono ne ya kashe mahaifiyarmu. Ta ɓoye shi saboda kunya har ya fashe. Yaya ba ta taɓa hucewa ba. Wata rana ta shigo shagona da auduga da ƙwayar gurjiya, ta ce, "Ladidi, ɗinka min nonon auduga guda goma. Ki ɓoye wannan a cikin wasu, kar ki gaya min waɗanne."

Na yi dariya har da hawaye, amma na ɗinka. Da su ɗalibanta suka fara koyon laluben ƙulli, ido a rufe, da tafin yatsu, har zuwa hammata. Kafin su taɓa majinyaciya kuwa, sai sun gaishe ta, sun nemi izini, sun rufe inda ba a dubawa. Wani ɗalibi ya taɓa sunkuyar da kai ya ƙi matsowa. Ta ce masa, "Ɗana, ita ta haɗiye kunyarta ta zo. Kai ma haɗiye taka."

Yau an ce na roba suke amfani da shi, suna kuma kallon darasi a waya. Na san da za ta yi mita, ta ce waya ba ta koya wa yatsa komai. Amma akwai abin da zai faranta mata.

Bara maƙwabciyata Maman Fati, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar makanikai ta Suame Magazine, ta tare ni a bakin famfo, ta ce ta ji ƙulli, ba tare da rage murya ba. Muka hau motar haya ta trotro zuwa asibiti. Wata matashiyar likita ta duba ta a natse, tana yi tana bayani, har tsoron ya sake ta. An kama abin da wuri, aka yi aiki.

Na tambayi likitar ko ta san Dakta Hajara. Ta ce a'a, sai dai malaminta yana yawan ambaton sunan.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Maman Fati ta koma kan tukunyarta, makanikai na ta layi, ita kuma tana aika su gida da saƙo ga matansu.